Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanonin Kai Saƙo: Ku Tambayi Ɗan Kamasho Kafin Ku Sa Mana Rana

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga wani ƙaramin gari a ƙasar Gumel, Jihar Jigawa. Da ku nake, manajoji da ma'aikatan kamfanonin da ke ɗaukar saƙo daga birni zuwa birni, da ku masu shagunan intanet da 'yan kasuwar WhatsApp da Instagram da ke damƙa musu kayanmu. Ba zan kama sunan kowa ba, don kusan duk kanwar ja ce.

Sana'ata gyaran waya, ina kuma yin caji da POS a rumfa ɗaya. Da yake ina da sola, wayata ba ta cika mutuwa ba, shi ya sa duk wanda zai yi odar kaya a garin nan lambata yake bayarwa. A haka rumfata ta koma gidan waya ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Atamfar anko, maganin feshi, takardun makaranta, kan keken ɗinki, batirin sola, duk ta hannuna suke bi. Idan saƙo ya iso a kan kari, mai shi ya karɓa ya yi gaba. Idan ya makara, ni ake tsarewa da ido.

Tsadar kuɗin aike abin magana ce, amma ba ita ta sa na zauna rubutu ba. Abin da ya dame ni shi ne ɗan layin nan da ke fitowa a waya da zarar mutum ya biya kuɗi: kayanka za su iso cikin kwana 3 zuwa 5. Layin nan ya ba ni kunya a gaban dattawan garinmu fiye da duk wani kuskure da na taɓa yi da hannuna.

Bari in ba ku misali guda. Wani dattijo mai fataucin shanu ya kawo mini wayarsa, gilashinta ya fashe, fuskar ta yi baƙi ƙirin. A cikinta lambobin dillalansa suke, da saƙonnin murya na waɗanda yake bi bashi, domin shi ba ya rubutu, wayar ce littafinsa. Na sa aka duba a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ba a samu irin gilashin ba, sai na yi oda daga Ikeja ta Legas ranar wata Laraba. Aka rubuto mini kwana 3 zuwa 5. Na ƙirga a yatsu, na ce masa, Baba, ka dawo ranar Litinin da yardar Allah. Litinin da hantsi ya zo ya zauna a kan bencina, ya jingine sandarsa. Na duba manhajar kamfanin, ta ce kaya sun iso Kano. Talata ya dawo, har yanzu suna Kano. Da na matsa da kira, wata yarinya mai ladabi ta ce mini ba su da reshe a wajenmu, suna jira saƙonnin hanyar su taru ne a kai tasha gaba ɗaya. Ranar Alhamis Baba ya tafi kasuwar Maigatari da 'yar ƙaramar wayar aro, ba lambar kowa a ciki. A yammacin ranar ne manhajar ta aiko mini da albishir cewa an miƙa kaya ga mai shi. Na duba teburina, na duba ƙarƙashinsa, ban ga komai ba. Ashe wani direba aka miƙa wa a tashar Yankaba ta Kano, shi kuma bai shiga Gumel ba sai bayan isha, lokacin motocin garinmu da suka ci kasuwa sun daɗe da wucewa. Kwalin ya kwana uku a ƙarƙashin teburin ɗan kamasho, sai ranar Lahadi motarmu da ke dawowa daga kasuwar Gujungu ta tsaya ta ɗauko shi. Kwana 11 cur.

Da na haɗa wayar ta kawo haske, Baba bai yi faɗa ba. Ya biya ni, ya ce da tun farko na ce masa mako biyu, da ya shiga mota ya je Kano ya sayi wata, a kwashe masa lambobinsa. Maganar nan ta fi zagi ciwo, don gaskiya ya faɗa. Jinkirin da kansa bai cuce shi kamar yadda ranar ƙarya ta cuce shi ba, ita ce ta zaunar da shi jiran gawon shanu har kasuwa ta wuce shi.

Na zauna na yi tunanin inda kuke samo wannan lissafi, kuma ina jin na gano. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a kan kwalta, manyan motocinku kuma suna da lokacin tashi. A wannan zangon lissafinku yakan yi daidai ko ya kusa. Daga Kano zuwa Gumel kilomita ɗari da 'yan kai ne, ta Gezawa da Gujungu, mota mai lafiya awa biyu da wani abu ta isa. Kwamfutarku tana ganin wannan a taswira, ta ƙara kwana ɗaya, ta rufe lissafi. Abin da ba ta gani shi ne ɗan guntun da ya rage bayan an sauka daga kwalta, wanda da rani bai kai tafiyar awa guda ba, amma shi ne ke cinye mako. A nan gizo ke saƙar.

Ku da kuke zaune a ofis, ina roƙon ɗayanku ya je tashar Yankaba ya tsaya ko da na wuni guda ne. Motar haya a ƙasar nan ba ta san agogo ba. Tambayi kowane direba yaushe za a tashi, amsa ɗaya ce: sai ta cika. Da sassafe Sharon takan cika kafin ka gama shan shayi. Bayan azahar kuwa, sai ka ga mutum uku a ciki suna fifita, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya tun ɗazu. Saƙo kuma ba fasinja ba ne, ba ya da bakin da zai yi ƙorafi. Ɗan kamasho ya karɓi kuɗinsa, ya rubuta lambar waya da alƙalamin maka a jikin kwali, ya ajiye a gefe. Idan but ya cika da buhunan fasinjoji, sai a ce mota ta gaba. Idan direban da aka ba ya samu shata zuwa Haɗeja, kwalin ya bi shi ya kwana can. Ba mugunta ba ce, haka aikin yake. Kuma duk da haka mutanen nan su ne ke riƙe da mu, amanarsu ta isar da kuɗi da magani da takardu inda babu wani ofishi da ya taɓa zuwa.

Daga Gumel zuwa garinmu kuma wani karatun ne. Mota ba ta zuwa mana kullum. Motocin garin suna fita ne ranar kasuwa, Alhamis a tafi Maigatari, Lahadi a tafi Gujungu, a dawo da yamma. Sauran ranaku sai acaɓa, shi ma idan ya samu mutum, kuma ba kowane kaya ne za a ɗaure a bayan babur a bi da shi cikin yashi ba. Na taɓa ganin yadda faifan sola ya iso a haka, ba na fatan in sake gani.

To ga lissafin nan, kyauta na ba ku. Duk saƙon da ya shigo Kano Litinin ko Talata, aka kai shi tasha kafin hantsin Laraba, zai kwana a Gumel, ya same mu Alhamis da yamma. Wanda ya shigo Laraba da yamma, ko Alhamis, ko Juma'a, idan aka kai shi tasha kafin azahar ɗin Asabar, Lahadi bayan la'asar yana hannun mai shi. Wanda ya kuskure ɗaya, sai ya jira ɗayar. Babu wata Talata ko Juma'a da saƙo zai faɗo mana daga sama. Saboda haka idan kuna son ku faɗa wa mutumin garinmu gaskiya, ku daina ƙirga masa kwanaki, ku kira masa sunan rana. Ku ce Alhamis ta sama, in an kuskure Lahadi. Wannan yaren kowa ya iya shi, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba, don da shi ake sa ranar suna da ranar biyan bashi. Kowane ƙauye a Arewa yana da irin wannan jadawali. Mutumin da ke cin kasuwar Wudil ya san Juma'a, na Dambatta ya san Lahadi. Ba sai kun ɗauko wani gwani daga waje ba. Ku aiki yaro ɗaya da littafi ya zaga tashoshin Kano, Yankaba da Unguwa Uku da Ƙofar Ruwa da sauransu, ya tambayi 'yan kamasho wace rana ce mota ke shiga wane gari. Cikin mako guda zai dawo muku da abin da babu shi a taswirar kwamfutarku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da kuke kira kwanakin aiki, wanda kuke rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Ku a wajenku Asabar da Lahadi ba sa cikin ƙidaya. Mu a wajenmu Lahadi ita ce babbar ranar aiki, Juma'a ce ake sassautawa, daga hantsi hankalin kowa ya koma masallaci. Mutum ya ga kwana 5, ya ƙirga biyar a yatsunsa, ku kuwa bakwai kuke nufi. Ga Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake tsabtace muhalli a Kano, motoci ba sa motsi sai hantsi, lodin safe ya tafi ke nan.

Shekara ma ba ɗaya take tafiya ba, amma layinku ɗaya ne rani da damina. Daga Yuli zuwa Satumba, musamman cikin Agusta, ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da kwarin da ke hanyarmu tafki. Direba ya zo ya tsaya a baki, ya sa yaron mota ya naɗe wando ya shiga ya gwada zurfi, in ya kai gwiwa a juya. A 2022, da ambaliya ta mamaye sassa da dama na Jigawa ta yanke hanyoyi, akwai garuruwan da sai da kwalekwale ake shiga, amma wanda ya yi oda a makon nan kwana 3 zuwa 5 aka rubuta masa, kamar ba a ƙasar ake ba. Da kaka motoci sun fi yawa, sai dai gero da riɗi da zoɓo sun cika su, kwalin da aka biya wa 'yan canji ba ya gogayya da buhu. Da hunturu, hazo kan hana jirgi sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya biya kuɗin gaggawa ya tarar da shi da na mota duk tafiyarsu ɗaya. Sallah kuwa ba a ma san ranarta tabbas ba sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Gwamnati ta ba da hutun kwana biyu, amma direbobinmu sai an gama hawa da yawon Sallah suke dawowa tasha. A daidai lokacin ne kuma oda ta fi yawa, kowa yana jiran yadi da takalmi. Tela ba zai karɓi shadda ana jajibiri ba, duk wanda kayansa suka makara da kwana uku, Sallar bana ta wuce shi.

Wani abin ma ya sauya ƙasa gaba ɗaya, lissafinku bai motsa ba. Kafin 29 ga Mayu, 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Direban da a da zai tashi da gurbin mutum biyu, yanzu ba zai kunna mota ba sai ta cika maƙil, ɗan acaɓa kuma ba zai shiga ƙauye don kwali ɗaya ba sai an biya shi zuwa da dawowa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai a Maris 2024. A tsakanin nan kasuwar Maigatari ta yi sanyi, motocin da ke bin hanyar suka ragu, saƙo ya ƙara nauyin ƙafa. Ko a lokacin lafiya, hanyar iyaka ce, ana tsayar da mota a duba kaya, wannan ma lokaci ne.

Sai maganar adireshi. Fom ɗinku yana neman lambar gida da sunan titi, in ba a cike ba ya ƙi wucewa. Mu ba mu da titi mai suna. Gidan mutum a nan kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, ka wuce famfon burtsatse, gidan da ke da darbejiya biyu a ƙofa. Don fom ya karɓa, sai mutum ya rubuta lamba 1, ya ƙirƙiro sunan titi, ya sa sunan hedikwatar ƙaramar hukuma. Kwamfuta ta ɗauka a cikin gari yake, a bakin kwalta, ta yanke masa rana a kan haka. Lambar yanki mai alƙaluma 6 ta hukumar gidan waya tana nan, amma in ka tare mutum goma a kasuwarmu da wuya ka samu wanda ya san tamu. Ku buɗe gurbi a fom ɗin da mutum zai rubuta kwatance da Hausa, ko ya yi da murya, da gurbin da zai faɗi kasuwar da garinsu ke ci da tashar da motarsu ke lodi. Tambayoyi biyun nan sun fi lambar gida amfani nesa ba kusa ba.

Haka kiran waya. Ƙa'idar da yawanku ita ce a kira sau uku, in ba a samu ba a mayar da kaya a rubuta ba a sami mai shi ba. Yaushe kuke kiran? Ƙarfe goma na safe, da damina, lokacin maigida yana gona inda babu sabis, ko wayar tana rumfata a layin caji. Matar aure kuma ba lallai ta ɗauki baƙuwar lamba ba, in ma ta ɗauka ta ji namiji yana Turanci sai ta kashe. Na ga atamfar ankon biki ta zo har Gumel ta koma Kano a kan haka, 'yan matan suka yi biki da tsofaffin kayansu, uwar amarya ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Ku kira bayan la'asar ko bayan magariba. Ku sa mai jin Hausa. Ku karɓi lamba biyu.

Mahaifina yana ba mu labarin zamanin da wasiƙa ke zuwa ta akwatin gidan waya na makarantar firamare, da kan sarki manne a ambulan, tun kafin a raba hukumar waya da wasiƙu gida biyu a 1985 a samu NIPOST da NITEL. Ya ce hedimasta kan aiki masinja a keke ya ɗauko, kuma kowa ya san ranar da yake zuwa. Wasiƙa daga Kaduna takan yi makonni, amma babu wanda ke zaryar tambaya, don an san in ba ta zo a wannan zuwan ba, sai na gaba. Ba ina cewa a koma keke ba ne. Ku kun fi su gudu nesa, na yarda. Su dai ba su taɓa sa mutum ya rufe shago ya biya kuɗin acaɓa zuwa tasha ya dawo hannu rabbana ba.

Don kada ku ce na ɗora muku laifi duka, mu ma muna da namu. Akwai wanda zai yi odar a biya in kaya sun iso, kaya su iso ya kashe waya don kuɗin sun tafi wani wajen. Akwai mai tsayawa cinikin kuɗin aike da ɗan acaɓan da ba shi ya yanka ba. Akwai mai barin kwali a rumfata mako biyu, ni in zama mai gadi. Sayen kaya a waya cinikin biri a sama ne, kowane ɓangare yana tsoron ɗaya, na san asarar da kuke yi idan kaya suka koma. Amma ku duba da kyau, da yawa daga masu ƙin karɓar nan sun tanadi kuɗin ne a ranar da kuka sa, ranar ta wuce, buƙata ta taso, kuɗin talaka kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Da kun sa ranar gaskiya, da kayan da ke komowa sun ragu.

Na san dalilin da ya sa kuke tsoron rubuta kwana 10. Kuna ganin mai saye zai gudu wajen wanda ya rubuta 3. Wataƙila a birni haka ne. A ƙauye labari ba ya ɓuya, a majalisar mai shayi ake yanke wa kamfani hukunci, kuma an riga an san waɗanda in sun ce biyar sai a ninka. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da yadi a Kantin Kwari da matan garinmu suka koma wajenta kaf. Ba ta fi kowa araha ba. Abin da take yi kawai, in ta kai kaya tasha sai ta turo hoton kwalin, da lambar direba, da lambar motar, ta ce in Allah ya so Alhamis. Ba ta da manhaja, ba ta da ofis. In mace ɗaya da waya ɗaya za ta iya, ban ga abin da zai hana kamfani mai rassa ba.

Abu na ƙarshe da nake roƙo, kuma shi ya fi sauƙi: kada ku ƙara rubuta an miƙa ga mai shi alhali direba kuka miƙa wa. Ku rubuta an ba mota a tasha kaza, ga lambar direba. Daga nan mu mun san yadda za mu bi sawun kayanmu, mun daɗe muna yi. Hukumar NIPOST da ke ba kamfanonin kai saƙo lasisi ma ina fatan za ta sa wannan a cikin sharuɗɗanta.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Duk wanda ke yanke waɗannan kwanaki a ofishinku, ina gayyatarsa. Ya shiga motar Gumel a Yankaba ranar Laraba da kwali ɗaya a cinyarsa, ya kwana a can, Alhamis da yamma ya biyo motar garinmu tare da awaki da buhunan dusa. Masauki da tuwon dare suna wuyana. In zai zo cikin Agusta ne, ya taho da takalmin roba.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran waya,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.